Shekarar da Muka Kulle 'Yar Fara

Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku game da ni da yayarku. Ba ku taɓa faɗa a gabana ba, domin na ba ku tarbiyya, amma gidanmu na Tudun Wadar Zariya bai kai girman da magana za ta ɓace a cikinsa ba. Kuna cewa na tona asirin 'yata don in ci galaba a taron gwamnati. Wani ɓangaren zancen gaskiya ne, wani kuma shaci-faɗi, kuma tun da ni na zauna a kujerar ba ku ba, gara ku ji daga bakina tun ina da sauran hankalina. Ba zan cika ku da labarin makarantun da na yi ko asibitocin da na zaga ba. Kun tashi kun gan ni da farar riga ina harhaɗa magunguna, kun san kuma ban iya rufe baki a kan abin da na ga ba daidai ba. Wannan halin ne ya sa aka saka ni a kwamitin magunguna na jiha ana saura kaɗan in yi ritaya, shi ne kuma ya jawo mini abin da zan ba ku labari.

Sau ɗaya a wata muke zama a Kaduna. In yi sammako in je Kwangila in hau mota, in dawo kafin magariba da ciwon baya. Aikinmu shi ne mu duba magani mu ce a wane gida zai zauna. Akwai wanda kowane mai kemis zai sayar maka kamar yadda ake sayar da ashana. Akwai wanda sai da takardar likita. Sai na ƙarshe, wanda ake kullewa a kabad, a rubuta sunan duk wanda aka ba a littafi, ba kuma mai riƙe shi sai asibiti ko shagon da ke da ƙwararren mai harhaɗa magani a zaune. Wasu magungunan daga tarayya ake aiko da hukuncinsu, namu bi ne kawai. Amma jiha tana da ikon ƙara matse abin da ta ga yana yi wa mutanenta ɓarna, ta kuma aika da shawara sama. Mutane suna zaton wani babba ne ke tashi da safe ya ce a hana abu kaza. Ba haka ba ne. Kafin mu ɗaga magani daga wannan gida zuwa wancan sai mun amsa tambayoyi: yana da amfanin da ba a iya yi sai da shi? Masu lafiya suna shan sa don jin daɗi? Wanda ya saba da shi, idan ya daina me ke samun sa? Tambayar da ta fi cin lokaci ita ce ta ƙarshe, wato idan muka kulle shi, wane marar lafiya ne zai wahala kafin ya samu.

Shugabanmu Dakta Ishaya ne, wani dattijo ɗan Wusasa da ya fi ni iya karin magana, ga haƙuri kamar na mai kiwon kaji. Yana da doka guda da ya kan maimaita har mun haddace.

"Ba ma kulle magani da 'an ce'," in ji shi. "Ku kawo mini mutum, ku kawo mini katinsa na asibiti."

A lokacin haushin dokar nake ji. Yanzu na san da babu ita, da kowa ya zo ya kulle maganin da bai yi masa ba.

Maganin da ya zo gabanmu a shekarar wata ƙwaya ce ta kashe raɗaɗi. Ba zan rubuta sunanta ba, don ba talla na zo yi mata ba. Masu kemis 'yar fara suke ce mata. Magani ne mai kyau, ban taɓa musun wannan ba. Ana ba wanda aka yi wa tiyata, ana ba masu sikila idan ciwon ƙashi ya tashi. A takarda sai da izinin likita ake sayar da ita, amma a Tudun Wada ko yaron da aka aika sayen magi zai iya dawowa da kati biyu. Kowa a kwamitin ya san ana shan ta ba don ciwo ba. Sani daban, hujja daban.

Kafin in kai ku ɗakin taro sai na kai ku inda abin ya fara, domin a hannuna ya fara. Kun san yayarku ba a ɗakina ta tashi ba. 'Yar fari ce, ana yaye ta Inna, mahaifiyata, ta ɗauke ta zuwa Tudun Jukun, kamar yadda aka yi wa Inna ita ma. Ban taɓa kiran sunanta ba. Idan zan yi zancenta sai in ce 'yar Inna, ko wannan yarinyar. Ku kuna ce mini Umma, ita Hajiya take ce mini, ta gaishe ni a durƙushe kanta a ƙasa, in amsa ina kallon wani wajen. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ina son ta son da ban taɓa samun bakin faɗa ba. Da ta yi aure a Kwangila, haihuwarta ta biyu ta zo da gardama har aka yi mata aiki. Likita ya rubuta mata 'yar fara ta kwana kaɗan, ta shanye, ciwo bai tafi ba. Na je duba ta na ga tana cije leɓe idan za ta miƙe. Ban iya ce mata sannu da kyau ba, sai na yi abin da na iya. Washegari na biya shagon wani abokin aikina na karɓi kati biyu ba tare da takarda ba, na ajiye mata a gefen gado na fito. Duk wanda ya yi irin aikinmu ya san wannan jakar da muke ɗauka zuwa gidan dangi. Muna ganin mun fi ƙarfin dokar da muke sa wasu bi. Sau uku na yi mata haka, daga nan ba ta ƙara buƙatata ba, don ta gane hanyar kemis ɗin bakin layinsu.

An fi shekara kafin in gane. Wata Asabar da hantsi na je gidan, na yi sallama har sau uku ba amsa, ga ƙaurin tukunya ya cika tsakar gida. Na same ta zaune a bakin gado, ido a buɗe amma ba ta nan, ƙaramin yaron yana jan zaninta. Na sauke tukunyar, na koma ɗakin na ja aljihun keken ɗinkinta ina neman ashana. Cike yake da katunan da aka ɓare, an ɗaure su da roba kamar abin arziki. Ni da na yi rayuwata ina duban fuskokin masu zuwa tagar magani ina gane mai ciwo da mai ƙarya, ban gane tawa ba, saboda ban saba kallon fuskarta ba. Mijinta, Malam Kabiru, yana yawan tafiya fatauci, ya ɗauka gajiyar koyarwarta a makaranta ce da raino. Uwarsa kuwa ta ce iska ce, tana ta aiko da rubutu da turare. Na koma gida ban ce wa kowa komai ba sai babanku.

Sau biyu 'yar fara tana zuwa gaban kwamiti ana ɗage ta. Mun rubuta wa asibitoci su aiko mana da rahoton waɗanda ta kama, amsa ta dawo cewa ba su da ko ɗaya. Ban yi mamaki ba, don na san yadda ake cike kati a ƙasar nan. A kawo matar aure tana rawar jiki da zufa, dangi su ce zazzaɓi ne, likita ya gane sarai amma ya yi kara ya rubuta zazzaɓi, don kada ya kashe mata aure. Rufin asiri abu ne mai kyau, ni ma da shi aka rene ni, amma shi ne ya bar fayil ɗinmu fayau. Jami'an tsaro sun kawo labarin samarin da suka kama, sai dai samarin suna haɗa ta da wasu abubuwan, ba a iya cewa ga mai laifin. A nan Alhaji Sule, wakilin masu kemis, yake samun ƙofa.

"Ranka ya daɗe, zauna-gari-banza ne ke gauraya ta da shirme," in ji shi. "Don wani ya yi sara da adda ba a hana manomi riƙe adda. Ku nuna mini mutumin kirki guda da ƙwayar nan ita kaɗai ta lalata, ni zan fara ɗaga hannu."

Ban taɓa ganin laifin Alhaji Sule sosai ba, abincin mutanensa yake karewa. Wadda maganarta ta fi tsaya mini a rai ita ce Dakta Binta, likitar masu sikila, mace marar son hayaniya.

"Hajiya, ke a gari kike," ta ce mini. "Ni ina da yaran da ke zuwa daga ƙauyen da babu asibiti. Idan ciwo ya taso musu, kemis ɗin ƙauye ne gatansu. Kin kulle, ina za su?"

Dakta Ishaya ya rufe fayil ya ce zama mai zuwa shi ne na ƙarshe a kan maganar. Idan ba a kawo mutum guda da aka bi labarinsa daga farko har ƙarshe ba, wanda likita zai iya dubawa ya tabbatar, za a ajiye batun sai wani kwamitin. Na san abin da wannan ke nufi, shekaru ke nan. Na hau mota ina sane da cewa mutumin da ake nema yana zaune a Kwangila, daidai inda zan sauka.

Babanku, Allah ya jiƙansa, yana gyaran rediyonsa a zaure da la'asar na faɗa masa abin da nake shirin yi. Ya ajiye sukundireba ya dube ni.

"Gidanki za ki tona, Hajiya?"

"Gidan ya riga ya tonu, Malam. Mu ne kawai muke rufe ido."

"To ki yi mata magani a ɓoye mana. Ke ce mai maganin."

"Zan yi. Amma in warkar da ita yau, gobe ta leƙa bakin layi ta samu. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Gidan nan na bayanmu kana ganin lafiya matar gidan take kwana har azahar?"

Babanku bai cika ja da ni ba, ba don tsoro ba, ya dai san idan na kafe sai dai a bar ni in gaji.

"Ba naki ba ne asirin," ya ce. "Nata ne. Ki je ki tambaye ta. In ta ce a'a, ki haƙura."

Gaskiya ya faɗa, na kuma je. A nan nake so ku buɗe kunne, domin nan ne inda kuke kuskuren labarin. Kuna cewa ban tambaye ta ba. Na tambaye ta. Na same ta tana tsince shinkafa a faranti, na zauna a kujerar tsakar gida na juya gefe kamar yadda muka saba. Ban iya cewa "ke" kai tsaye ba, sai na yi ta kewaye. Na ce akwai wani taro, ana neman labarin wadda ƙwayar nan ta kama, sunan zai tsaya a fayil ba zai fita ba, za a kuma haɗa ta da likitan da zai raba ta da abin. Na ce idan mutum ya yarda, zai ceci mata da yawa. Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga a farantin, ba ta ce uffan ba. Na jira kaɗan, na ce, "To, Allah ya yi albarka," na tashi. A wurinmu idan babba ya nemi abu wurin 'ya ta sunkuyar da kai ta yi shiru, an gama, ta yarda. Haka aka yi da ni, haka na ga ana yi. Na ɗauki shirun nan na sa a jaka na tafi da shi Kaduna. A can ƙasan raina na san shirun mai jin kunya daban, na wadda aka ritsa daban, amma amsar da nake so ke nan, ban tsaya bincike ba.

Ranar zaman, Dakta Ishaya ya tambaya ko akwai sabon abu. Ba wanda ya motsa. Alhaji Sule har ya fara tattara takardunsa. Na buɗe jaka na zazzage katunan nan a kan tebur, da robarsu.

"Daga ɗaki ɗaya na kwaso su," na ce. "Malamar makaranta ce, matar aure, mai 'ya'ya biyu. Ba ta shan taba, ko goro ba ta ci. Likita ne ya fara rubuta mata bayan tiyata. Da ta ƙare wani ya ƙaro mata ba takarda. Yau idan ta wuni ba ta sha ba, jikinta rawa yake, ta yi ta amai, ba ta iya riƙe alli."

"Wa ya ƙaro mata?" in ji Alhaji Sule. Ya zaci zan ce ɗan kemis, ya shirya faɗa.

"Ni."

Dakta Ishaya ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Hajiya, kin san ƙa'ida. Sakatare zai rubuta suna, kuma Dakta Binta za ta je ta duba ta. Wace ce?"

Na yi shekara fiye da talatin ban furta sunan nan ba, ko a addu'a sai dai in ce Allah ka san wadda nake nufi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Sa'adatu," na ce. "'Yata ce ta fari."

Dakta Ishaya Bazazzage ne, ya san nauyin abin da ya ji. Bai ce mini sannu ba, na kuma gode masa da bai ce ba, don da na fashe da kuka a gaban maza. Ya dai juya ga sakatare ya ce a rufe wannan shafin a ambulan, kada ya shiga rahoton da za a raba.

Dakta Binta ta je Kwangila a makon, ta duba yayarku, ta karɓo tsohon katinta na tiyata. Rahotonta shi ya amsa tambaya ta uku, wadda ta gagare mu wata da watanni: mutum mai lafiyar hankali, ƙwayar ita kaɗai, ga kuma abin da ke faruwa idan an daina. Da likitoci biyu na kwamitin suka ga an fasa ƙwai, su ma suka koma suka tono katunan da suka san abin da ke ƙarƙashin "zazzaɓin" da aka rubuta. Ashe kowa yana da tasa, jira yake wani ya fara. Duk da haka ba a ba ni duk abin da na nema ba. Ni so na yi a tsare ta a manyan asibitoci kawai, don a lokacin zuciya ce ke magana. Dakta Binta ta ƙi, ta tsaya a kan yaranta. Muka yi ta ja har aka tsaya a tsakiya: a ɗauke ta daga kemis, a sa ta a kabad mai kulle, amma a ba ƙananan asibitocin karkara izinin ajiye ta, masu sikila kuma a yi musu kati na musamman da zai sa ba sai sun nemi sabuwar takarda kowane zuwa ba. Ita ta fi ni gaskiya a wannan, na faɗa mata a ranar. Da aka zo ɗaga hannu, Alhaji Sule ya cika alkawari, nasa ya riga nawa tashi. Aka buga shawarar, aka ba masu ƙorafi lokaci su kawo, sannan aka sa hannu ta zama doka a jiha.

Ambulan ɗin an rufe shi, amma bakin mutane ba a rufe shi da gam. Har yau ban san wanda ya fitar da zancen ba, na kuma daina zargin kowa. Kafin wata ya zagayo, maganar ta riga ni isowa Zariya. A gidan biki aka fara yi wa surukar yayarku jaje, wai ashe matar ɗanta 'yar ƙwaya ce, uwarta da kanta ta faɗa a gaban gwamnati. Tsohuwar da ta yarda da iska ba ta iya yarda da wannan ba. Malam Kabiru ya dawo daga tafiya ya tarar da gida ya ɗauki zafi, ya ce ta zo gida ta huta tukuna. Bayan sati biyu takardar saki ta biyo baya. Babbar yarinyar suka riƙe, ƙaramin ya biyo uwarsa. Inna ta riga ta rasu, don haka gidana ta dawo, gidan da ba ta taɓa kwana bakwai a jere a cikinsa ba. Ku kuna nan, kun ga shigowarta da akwati, daga ranar kuka yanke mini hukunci.

Likita ya tsara yadda za a rage mata a hankali, domin ba a yanke irin wannan rana ɗaya. Ni ke riƙe da maganin. Kowace safiya in ɓallo abin da aka ce in miƙa mata, ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Na gode, Hajiya," ta koma ɗaki. Na fi son ta zage ni. Watanni aka yi ana fama, akwai ranakun da take birgima a tabarma tana roƙona in ƙara mata rabi, in zauna a bakin ƙofa in ce a'a. Ba a taɓa ce mini marar tausayi da ido irin na waɗannan ranakun ba. Ta warke, alhamdulillahi, ta koma aji, daga baya ta kama ɗaki a unguwar Kongo kusa da makarantarsu. Amma tsakanina da ita gaisuwa ce kawai, shekara da shekaru. Babanku ya rasu bai ce mini "ai na faɗa miki" ba, ko sau ɗaya.

Idan kuna jira in ce na yi nadamar kulle 'yar fara, za ku daɗe kuna jira. Ba ta ɓace daga gari ba, ban kuma taɓa cewa za ta ɓace ba. Mai nema da gaske yana samu ta bayan kanta. Amma matar da aka sallamo daga asibiti ba ta faɗawa ciki da tsautsayi kamar da, don sai ta koma gaban likita ya dube ta kafin a ƙara mata. Na kuma san akwai masu sikilar da suka sha wahalar da ba su sha a da, ranar da kabad ɗin ƙauye ya zama wayam ko mai makulli ya tafi ɗaurin aure. Wannan ma yana wuyana, ban ɗora wa kowa ba. Haka aikin yake, ba a kulle magani a tashi ba a taka wani ba, sai dai a auna a ga ina ɓarnar ta fi yawa. Na auna, kuma ko yau aka mayar da ni kujerar hannuna zai tashi.

Da na yi niyyar rubuta wannan babin, na ga ba ni da ikon sake ɗaukar labarinta in kai kasuwa. Watan jiya da safe na hau Keke Napep na je Kongo. Na same ta tana duba littattafan yara a kan tabarma, furfura ta fara fito mata a gefen ɗankwali. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo ruwa. Wannan karon ban juya gefe ba, na dube ta sosai, har ta rasa inda za ta sa idonta. Na ce ina so in rubuta wa ƙannenta abin da ya faru, da sunanta a ciki, ko ta yarda. Ta sunkuyar da kai ta yi shiru.

"Ba zan tafi da shiru ba," na ce. "Ko zan wuni a nan, sai na ji da baki. In a'a ce, in yaga takardun."

Ta daɗe tana juya jan biro a hannunta. Har na fara tunanin wunin zan yi da gaske.

"Ki rubuta, Hajiya," ta ce.

Na ce na gode, na fara laluben takalmina. Sai ta ƙara magana, muryarta ƙasa-ƙasa, ba faɗa a ciki.

"Ranar nan da kika zo ina tsince shinkafa, ba ƙi na yi ba. Na gaji da abin, ina neman wanda zai fitar da ni. Kalmar nake haɗawa a bakina kika tashi. Da kin ƙara zama kaɗan, da na ce e. Da ma na ce ki tafi da ni in faɗa musu da kaina, in gaya wa mijina kafin ya ji a bakin wasu."

Na koma na zauna da takalmi ɗaya a ƙafa. Ta jawo littafi na gaba ta ci gaba da dubawa, ni kuma na zauna a wurin har aka kira azahar.